Mako shida muna awon ruwa

Ranar da injiniyan kamfani ya ce ya gama haɗa injin, labari ya riga mu isa ƙofar asibiti. Kafin la'asar masu gadi sun fara gaya wa mutane cewa sabon injin gashin ciwon daji ya tashi. Washegari da na iso, akwai mutum kusan ashirin zaune a kan benci a bakin sashenmu, wasu da fayil a hannu, wasu da tabarma da flas ɗin shayi, alamar daga nesa suka taso. Ni aka tura in yi musu bayani, domin ni ne ƙarami a ofis. Na ce musu injin ya tashi, gaskiya ne, amma ba za a kwantar da kowa a ƙarƙashinsa ba sai bayan mako shida, ko ma fiye. Wani dattijo da ya kawo matarsa ya dube ni ya ce, “Ɗana, to me za ku yi da shi har mako shida?” Na ce, “Baba, awo za mu yi.” Ya ce, “Awon me?” Na ce, “Ruwa.” Bai ƙara magana ba, amma na ga amsar ba ta shige shi ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Aikina fiziks ne na asibiti, a sashen gashin ciwon daji. A lokacin shekarata ta uku ke nan a ƙarƙashin wani dattijo da kowa a sashen yake kira Malam. Injin da na saba da shi na kobalt ne, kuma shi ba ya da wuyar sha'ani: ɗan dunƙulen ƙarfe ne mai fitar da haske mai ratsa jiki dare da rana, an kulle shi cikin tukunyar dalma, a buɗe masa taga idan ana so, a rufe idan an gama. Ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk shekara biyar da 'yan watanni, wato kusan kashi ɗaya cikin ɗari a wata, kuma wannan lissafi ne da ba ya saɓawa. Linak kuwa, injin da ke hanzarta ilektiron, wato 'yan mitsitsin ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki, a miƙaƙƙen layi, babu wani abu a cikinsa da ke fitar da haske da kansa. In an kashe wuta, ƙarfe ne kawai. Duk hasken da zai bayar, a take yake ƙera shi, kuma ingancinsa ya rataya ne a kan abubuwa da yawa da dole su daidaita a lokaci guda.

Ɗakin da aka gina masa ma abin kallo ne. Bangon da hasken ke fuskanta kai tsaye ya haura mita biyu na kankare. Ba a shiga ɗakin a miƙe, sai an bi lungu an karya kwana, daidai da yadda magina na da suke tsara zaure da shigifa don kada na waje ya hango tsakar gida. Dalilin ma kusan ɗaya ne. Hasken ba ya karya kwana sai ya bugi bango, kuma duk bugu ɗaya yana zubar da mafi yawan ƙarfinsa, don haka kafin ya iso ƙofa ya galabaita.

A rana ta biyu Malam ya roƙi injiniyan ya cire murafen injin kafin a rufe su gaba ɗaya. Ya ce da ni, “Zo ka bi hanyar ilektiron da ƙafarka sau ɗaya, domin bayan yau a allo kawai za ka riƙa ganinta.” Mun fara daga baya, inda ake kira bindiga. Wani ɗan faifai ne da ake zafafawa har ilektiron su riƙa tashi daga fuskarsa, sai a fizge su da wuta ta dubban bolt su faɗa cikin bututu. Suna shiga da gudun da bai kai rabin gudun haske ba. Bututun na jan ƙarfe ne tsantsa, tsawonsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba, an zuƙe iskar cikinsa tas, kuma an raba cikinsa ɗaki-ɗaki da huda a tsakiyar kowace katanga.

A nan ne dabarar take, kuma na daɗe ina karanta ta ban gane ta sosai ba sai da na dafa bututun. Idan ana so ilektiron ya sami ƙarfin bolt miliyan shida, hanyar da hankali zai fara kawowa ita ce a nemo wuta mai bolt miliyan shida a ja shi da ita. Wannan ba zai yiwu a ɗakin asibiti ba, tartsatsi zai tsallaka kafin a je ko'ina. Sai aka bi hanyar mai tura yaro a lilo: ba turawa ɗaya mai ƙarfi ba, turawa da yawa, kowacce a daidai lokacinta. Ana cusa igiyar rediyo mai gajeren zango cikin bututun, mai kai da komowa kusan sau biliyan uku a daƙiƙa, tsawon zangonta santimita goma. An yanka ɗakunan daidai yadda igiyar za ta yi amo a cikinsu, kamar yadda bakin kwalba ke kuka idan an hura shi daidai. Duk lokacin da ilektiron ya shiga ɗaki, sai ya tarar da wutar ɗakin tana tura shi gaba. Kafin ta juya ta koma baya, ya riga ya fice.

Ɗakunan farko sun fi na baya gajarta, kuma da na tambayi dalili, injiniyan ya nuna mini su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. A farkon tafiya ilektiron na ƙara gudu sosai, don haka tazarar da yake ci tsakanin turawa da turawa tana ƙaruwa. Amma da zarar ya sami ƙarfin miliyan ɗaya, ya kai kashi 94 cikin ɗari na gudun haske. A miliyan shida ya kai kashi 99.7. Daga nan gudu ba ya ƙaruwa da wani abin kirki, ƙarfi ne ke taruwa, shi ya sa sauran ɗakunan duk tsawonsu ɗaya. Waɗannan ɗakuna na farko suna da wani aikin kuma. Ilektiron na fitowa daga bindiga a warwatse, sai igiyar ta yi musu abin da makiyayi ke yi wa garke a bakin mashaya: wanda ya makara a ƙara masa kora, wanda ya yi gaba a sassauta masa, har su dunƙule rukuni-rukuni. Waɗanda suka shigo a mummunan lokaci kuwa, a jikin bango suke ƙarewa.

Ita igiyar daga wata kwalba take fitowa mai suna kilaistiron, tana tsaye cikin tankin mai a bayan injin. Ƙarfinta a lokacin bugu ya kai megawat biyar ko fiye, abin da zai ishi unguwanni. Da na fara jin wannan adadi na yi tunanin janaretanmu, sai injiniyan ya kwantar mini da hankali: bugun ba ya wuce kashi huɗu ko biyar cikin miliyan na daƙiƙa, sau 'yan ɗaruruwa a kowace daƙiƙa. Injin da muke gani kamar yana kunne, a zahiri hutunsa ya ninka aikinsa kusan sau dubu.

Malam yana son tarihi, kuma a tsaye a wurin ya ba ni shi a gurguje. Tunanin turawa bi da bi tsoho ne: Gustav Ising ɗan Suwidin ya rubuta shi a 1924, Rolf Widerøe ɗan Norwe ya gwada shi a Jamus a 1928. Amma ilektiron ba shi da nauyi sosai, nan da nan yake yin gudun da wutar wancan zamani ba za ta iya bi ba. Sai da 'yan'uwa biyu, Russell da Sigurd Varian, suka ƙera kilaistiron a Jami'ar Stanford a 1937 tare da William Hansen, sannan John Randall da Harry Boot suka ƙera magnetiron mai ramuka, wata kwalbar mai fitar da irin wannan igiya, a Birmingham a 1940, yaƙin duniya na biyu kuma ya zuba kuɗi a harkar rada, tukuna aka sami abin turawa. A 1947 Hansen ya tashi bututunsa na farko, kuma rahoton da ya aika wa masu ba shi kuɗi jimla ɗaya ce tak, cewa sun hanzarta ilektiron. A 1953 aka yi wa majinyacin farko gashi da linak a asibitin Hammersmith na Landan. A Stanford ɗin dai, dabarar nan ce aka shimfiɗa ta har tsawon kilomita uku da ɗoriya, aka gama a 1966, kuma da wannan inji aka leƙa cikin furoton, ɗaya daga ƙwayoyin da ke tsakiyar ƙwayar zarra, aka ga ashe shi ma yana da 'ya'yan ciki, aikin da ya jawo lambar Nobel ta 1990. Malam ya ce namu jikan wancan ne, mita ɗaya da rabi a maimakon mita dubu uku.

Daga ƙarshen bututu muka zagayo kan injin. Bututun a kwance yake, majinyaci kuwa a ƙasa, don haka dole a lanƙwasa hanyar ilektiron. Abin da ya fi ba ni sha'awa a duk injin shi ne ba a lanƙwasa ta kwana ɗaya zuwa ƙasa ba, wato digiri 90. Maganaɗisun yana ɗaga su ne sama, ya zagaya da su digiri 270, sannan su sauko. Dalili shi ne ba duka suke fitowa da ƙarfi ɗaya ba. A kwana mai sauƙi, mai ƙarfi zai buɗe kwana, mara ƙarfi ya matse, su sauka a wurare daban-daban. A doguwar zagayen kuwa, an tsara maganaɗisun yadda duk za su rabu a tsakiya su sake haɗuwa a ɗigo ɗaya na milimita biyu ko uku. A tsakiyar, inda suka rabu, an sa ƙofa mai tare waɗanda ƙarfinsu ya kauce da yawa.

A ɗigon nan akwai ɗan faifan ƙarfen tangistan da bai fi kwabo ba. Ilektiron na dukansa su tsaya cak, ƙarfinsu ya koma hasken eksire, mafi yawa kuma ya zama zafi, shi ya sa ruwa ke zagaya shi ba tsayawa. Hasken da ke fitowa ya fi yawa a tsakiya, ya yi kaɗan a gefe, don haka ake tara masa wani ƙarfe mai siffar malafa, mai kauri a tsakiya, ya shanye rarar ya bar shi a baje. Idan kuma da ilektiron ɗin kansu za a yi gashi, ga ciwon da ke kusa da fata, sai a janye faifan da malafar a sa siririn falle da zai watsa su, a kuma rage yawansu sau ɗaruruwa. A nan Malam ya tsaya ya tuna mini da injin Therac-25, wanda tsakanin 1985 da 1987 a Amurka da Kanada kuskuren manhaja ya sa ya sakar wa mutum shida haske fiye da kima, wasu suka rasu. A wasu daga cikinsu, yawan ilektiron na yin eksire ne ya sauka a jikin mutum babu faifai a tsakani. A injinmu, ƙarƙashin malafar nan akwai ma'auni biyu masu ƙirga abin da ke fita, kowanne mai zaman kansa, ta yadda in ɗaya ya gaza ɗayan zai kashe injin. Daga ƙarshe sai ganyayen tangistan masu yawa, jere kamar haƙoran mataji biyu suna fuskantar juna, kowane da motarsa, su ne ke yanka hasken daidai siffar ƙari.

Makon farko na karɓar inji ne daga hannun kamfani. Muna gwada abin da suka yi alkawari a takarda, in ya cika mu sa hannu. Yawancinsa aikin awon kafinta ne. Kan injin yana da nauyin tan da yawa, yana juyawa zagaye cikakke, gadon ma yana juyawa, kuma duk juyin dole ya kewaye ɗigo ɗaya a cikin iska, santimita ɗari daga faifan tangistan. Mun kafa 'yar ƙwallon ƙarfe a wannan ɗigo muka yi ta ɗaukar hotonta da hasken injin daga kowace kusurwa, muna duba ko tana tsakiyar hoton. Kaucewarta ba ta kai milimita ɗaya ba. Wannan ya wuce lafiya, injiniyan ya tattara kayansa.

Sai tankin ruwa. Akwatin roba ne mai haske kamar gilashi, kusan rabin mita kowane gefe, da hannaye masu mota da ke yawo da ɗan ma'auni a cikin ruwan. Dalilin ruwa shi ne tsokar mutum tana shan hasken nan kusan daidai da yadda ruwa ke sha. Kwamfutar da za ta tsara gashin kowane majinyaci ba ta san injinmu ba. Sai mun gaya mata, da lambobi, abin da haskensa ke yi a kowane zurfi, a kowane faɗi, a kowane ƙarfi. Namu yana da eksire iri biyu, na miliyan shida da na miliyan goma, da ilektiron iri uku. Kowanne sai an bi shi daga ƙaramin fili zuwa mafi girma, santimita arba'in a kan arba'in.

Layin farko da ya fito a allo ba zan manta da shi ba, ko da yake na sha ganinsa a littafi. Ma'aunin ya taso daga ƙasan tanki zuwa sama, layin na hawa a hankali, ya kai ƙololuwa a zurfin santimita ɗaya da rabi, sannan ya faɗo kafin ya iso fuskar ruwa. Ma'ana hasken ya fi ƙarfi a ƙarƙashin fata, ba a kanta ba. Tsofaffin ma'aikatan jinya da suka ga gashin zamanin da sun san darajar wannan, domin sun ga yadda fata ke saɓulewa. A zurfin santimita goma saura kusan kashi biyu cikin uku, daidai da abin da ake tsammani daga na miliyan shida. Na ilektiron kuwa wani hali ne daban: suna zubar da kusan miliyan biyu a kowace santimita ta ruwa, don haka na miliyan tara suna tafiya santimita huɗu da rabi su ƙare, layin ya faɗo kamar gaɓar kogi. Abin da ke bayan wannan zurfi, huhu ne ko zuciya, ya tsira.

Bayan wannan farin ciki sai maimaici. Ɗaruruwan layuka, safe zuwa dare. Mun fara a ƙarshen hunturu, iska a bushe ƙayau, kuma a rana ta uku na lura ƙololuwar layin ta matsa kaɗan daga inda take jiya. Ruwan tankin ne ya ragu, iska ta sha shi cikin dare. Milimita ɗaya ba komai ba ce a ido, amma a gaɓar layin ilektiron tana iya zama kashi da yawa. Daga ranar, kowace safiya da kowace azahar sai na durƙusa a gefen tankin na daidaita ma'aunin da fuskar ruwa, ina kallon inuwarsa daga ƙasa har ita da shi su haɗu su zama da'ira.

Da bazara ta fara shigowa sai zafi ya nuna mana nasa. Jan ƙarfe yana buɗewa da zafi, kuma in ɗakunan bututun suka buɗe, amonsu ya sauya. Digiri ɗaya kacal yana matsar da shi da kusan dubu hamsin a daƙiƙa. A cikin biliyan uku wannan kamar ba komai ba ne, amma ɗakunan ba sa yafiya. Akwai na'ura mai bin sauyin tana gyara igiyar, sai dai tana da iyaka. Shi ya sa ake riƙe ruwan da ke zagaya bututun a digiri 40, ba sama ba ƙasa. Na'urar sanyaya wannan ruwa a waje take, ƙurar hunturu ta toshe mata hanci, don haka da rana ta take sai injin ya tsaya da kansa ya rubuta ƙorafi a allo. Mun wanke ta, an yi mata rumfa. Wutar gari ma ta ɗauke mana sau da dama a tsakiyar awo, kuma 'yan daƙiƙun da ke tsakanin ɗaukewa da tashin janareta sun isa su mayar da mu baya da rabin sa'a, kafin komai ya sake ɗumi ya daidaita. Ra'ayina, wanda na faɗa a taro kuma zan sake faɗa, shi ne duk wanda zai sayi irin wannan inji a ƙasarmu ya fara sa kuɗin wuta da sanyaya ruwa da kwangilar gyara a lissafi kafin kuɗin injin kansa. Bututun zai yi shekaru yana aiki. Abubuwan da ke kewaye da shi ne ke kwantar da shi.

A mako na huɗu matsi ya yi yawa. Mutanen benci ba su ragu ba, wasu sun tafi Abuja ko Legas, waɗanda ba su da hali suna nan. Daga sama aka aiko a tambaya ko za a iya farawa da lambobin da kamfani ke bayarwa na injuna irin wannan, a ƙarasa awo daga baya. Ba mugunta ba ce ta sa aka yi tambayar, ni kaina na yi ta a zuciyata, domin kullum ta gaban dattijon nan nake wucewa. Malam ya amsa a tsanake. Ya ce lambobin kamfani na taimakawa wajen kwatance, kuma muna kwatantawa, amma ba su san injin da ke ɗakinmu ba. Ya ba su labarin Zaragoza ta ƙasar Sifen, inda a Disambar 1990 aka gyara wani linak aka mayar da shi aiki ba tare da an sake auna shi ba. Kwana goma yana fitar da ilektiron a mafi girman ƙarfinsa, ko me aka zaɓa a allo. Majinyata 27 abin ya shafa, aƙalla 11 suka mutu sanadinsa. Ya ƙara da cewa hasken nan ba ya zafi a lokacin da yake shiga, majinyaci ba zai yi ihu ba, sai bayan makonni jiki zai faɗa. Tun shekarun 1970 masana suka tsayar cewa abin da ya shiga ƙari kada ya kauce wa abin da likita ya rubuta da fiye da kashi biyar cikin ɗari: in ya gaza ƙarin ya dawo, in ya wuce lafiyayyen nama ya lalace. Aka bar mu muka ci gaba.

Babban awo shi ne na ƙarshe, kuma a nan na yi kuskuren da har yau nake tunawa da shi duk safiya. Duk layukan baya kwatance ne, wuri kaza ya sami kashi kaza na wuri kaza. Yanzu za a ɗaure lambar da injin ke ƙirgawa, wadda muke kira em-yu, da ainihin abin da ke shiga jiki, ta yadda em-yu ɗari zai ba da gire ɗaya a ƙololuwa; gire shi ne mudun da ake auna yawan hasken da jiki ya sha. Ana yin sa da ɗan ma'auni mai kama da kan biro, wanda iskar cikinsa ba ta kai cikin mililita ɗaya ba, bisa ƙa'idar da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta fitar a shekarar 2000. Ma'aunin yana da 'yar huda, iskar waje na shiga tana fita. In iska ta yi sako-sako, abin da zai karanta zai ragu, ko da hasken bai sauya ba. Don haka dole a auna zafin ruwa da nauyin iskar ɗakin a gyara lissafi zuwa zafin digiri 20 da nauyin iska kilofaskal 101.3, wato na bakin teku.

Ranar, an ari ma'aunin iskarmu zuwa wani sashe. Don kada in ɓata lokaci na duba manhajar yanayi a wayata, ta ce 101.2. Na yi awo sau biyar, duk suka yi daidai da juna, na buga lissafi, ya nuna injin yana bayar da ƙasa da abin da ya kamata da kusan kashi bakwai cikin ɗari. Na kai wa Malam takardar ina cewa sai an ɗaga shi. Ya bi lambobin da biro ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan nauyin iska, ya tsaya.

“Wannan daga ina?”

“Daga waya, Malam.”

“Garin nan mita nawa yake sama da teku?”

“Wajen ɗari shida.”

“To je ka karɓo ma'auninmu, ina jiranka.”

Ma'aunin ya nuna 94.3. Masu hasashen yanayi suna mayar da nauyin iskar kowane gari kamar a bakin teku yake, don su iya kwatanta gari da gari. Lambar wayar daidai ce ga aikinsu, ba ga nawa ba. Da muka sa lambar gaskiya, kashi bakwai ɗin ya ɓace, injin yana kusa da inda ya kamata, gyaran da ya rage bai kai kashi ɗaya ba. Da na ɗaga shi yadda na yi niyya, duk wanda ya kwanta a gadon nan zai sha ƙarin kashi bakwai a kullum, kwana ashirin da biyar ko talatin, kuma awon safiya ba zai kama shi ba, domin da wannan lambar za a riƙa kwatanta shi. Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce in rubuta abin da ya faru a littafin sashe da hannuna, da kwanan wata, sannan mu kafa doka cewa babban awo mutum biyu ne za su yi shi, kowa da kayansa da lissafinsa, ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba. A daren ban yi barcin kirki ba.

Ko bayan haka bai yarda da mu kaɗai ba. Hukumar ta duniya, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, tana da wani tsari tun 1969: daga ɗakin gwajinta da ke Seibersdorf a Ostiriya take aiko da 'yan ƙananan ma'aunai ta gidan waya, asibiti ya sa su a ruwa ya ba su gire biyu bisa lissafinsa, ya mayar, su karanta su faɗi abin da suka gani. Mun haska namu muka aika. Muka kuma ɗauki gunkin roba mai siffar ƙirjin mutum muka bi da shi duk hanyar da majinyaci zai bi, daga hoto zuwa tsarin kwamfuta zuwa gado, da ma'auni a cikinsa, abin da kwamfuta ta ce da abin da ma'auni ya gani suka yi daidai cikin kashi biyu. Jami'an hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa suka zo suka zagaya bayan bango da na'urorinsu, injin na kunne a mafi girman ƙarfinsa, suka duba takardunmu. Wani abokin aiki daga wata cibiya ya zo da nasa ma'aunin ya maimaita babban awon, bambancinmu bai kai kashi ɗaya ba. Sakamakon Ostiriya ya iso daga baya, yana cikin iyaka.

Mun zubar da ruwan tankin ranar wata Alhamis, mako shida da kwana huɗu da farawa. Ran Litinin na zo ƙarfe shida da rabi, na kunna injin ya yi ɗumi, na duba zafin ruwa da lambar da ke nuna ko iska ta shiga bututu, na yi awon safiya, na rubuta. Matar dattijon nan ba ita ce ta farko ba, ta uku ce a jerin ranar. Ciwon mahaifa ne, gire biyu ba kaɗan a kullum, kwana biyar a mako. Ma'aikatan suka kwantar da ita, suka daidaita alamomin jikinta da jan hasken da ke fitowa daga bango, suka fito ta lungun, ƙofa ta rufe. Ina tsaye a bayansu ina kallon lambar em-yu tana hawa, ina jin ƙarar bugun nan daga bayan kankare. Duka hasken bai kai minti uku ba. Da ta fito tana gyara mayafi, mijin ya miƙe daga benci ya tambaye ta ko da zafi, ta ce ita ba ta ji komai ba, anya ma an yi? Ya juyo gare ni. Na ce, “An yi, Baba. Gobe ƙarfe tara za ku dawo.”